Malam Ilu Mai Dalma

Malam Ilu ɗan unguwar Koki ne, kuma haɗa fitilar aci-bal-bal ya gada a wurin mahaifinsa. Yana da 'yar rumfa kusa da Ƙofar Wambai, inda yake yanka gwangwanayen madara da na tumatir, ya liƙe su da dalma, ya sa musu lagwani. Masu tsire da masu shayi da mutanen ƙauye duk wurinsa suke saye. Ya yi kusan shekara talatin a haka, sai aka fara shigo da fitilun caji masu arha, kananzir kuma ya yi tsada. Ciniki ya yi ta ja baya, har ya kai sai ya wuni a rumfa ba wanda ya ko taya. Daga ƙarshe ya kwashe kayan aikinsa ya dawo gida.

A shekarun nan ne sola ta cika gari. Wutar lantarki ba ta samuwa, zafin bazara kuma kowace shekara sai ya fi na bara, don haka duk mai hali ya ɗora farantai a saman rufinsa. Batiran da ake haɗa su da su kuwa, da yawa ba sa daɗewa suke mutuwa. Wani dillalin tsofaffin ƙarafa a Ƙofar Ruwa, Alhaji Ismail, ya ce wa Ilu tunda ya san dalma tun yana yaro, ya riƙa karɓar matattun batira yana narka masa abin da ke ciki. Ilu ya yi murna ƙwarai.

A wani kango da ke bayan gidansa yake aikin. Sai ya fasa batir da gatari, ya tsiyaye ruwan a kwata, ya zuba dalmar a tukunyar ƙarfe a kan gawayi. Idan ta narke, hayaƙin yakan tsaya a cikin lungun, saboda ba iska. An gaya masa madara tana wanke ƙirji, shi ya sa kullum da yamma yake shan kofi guda. Matarsa Sa'ida ce ta fara ƙorafi, da ta ga kajinta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana suna cin abincin rana suka ji wani malami a rediyo yana bayanin cewa hayaƙin mai da na janareto ne ke ƙara ɗumama duniya, amma sola ba ta da hayaƙi, ita ce wutar gobe. Ilu ya ji daɗi, ya ce mata ashe shi ma yana cikin masu aikin gobe.

Sa'ida ta ce, "To, Malam, wannan da yake shigo mini ɗaki kullum, hayaƙin mene ne?"

Ilu ya ci gaba da cin abincinsa.

A shekara ta uku ciwon ciki ya kama shi. Ya ɗauka basir ne, ya yi ta shan jiƙe-jiƙe. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a waje ba ya koma mai saurin fushi, kuma yakan tsaya tsakiyar sura a salla ya rasa abin da ke gaba. Wata safiya ya zo ɗaukar buta, hannun damansa ya langaɓe daga wuyan hannu. A asibiti wata likita ta tambaye shi sana'arsa, sannan ta sa aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito ta ce masa, "Baba, dalma ce a jininka, kuma ta daɗe tana taruwa." Ta ce a kawo duk wanda suke gida ɗaya. Aka gwada Sa'ida, ita ma aka samu dalmar a jininta, ko da yake ba ta kai tasa yawa ba. Wannan ya dame shi fiye da hannun. A hanyar komawa gida bai iya kallon fuskarta ba.

Magani ya kwantar da ciwon cikin, amma hannun bai dawo ba. Yanzu a dakalin ƙofar gida yake wuni.

Kwanan baya maƙwabcinsa Auwalu, tela ne da ɗinki ya yi wa ƙaranci, ya zo roƙon ya ara masa tukunyar narka dalmar. Ilu ya sa hagunsa ya ɗaga hannun da ya langaɓe ya nuna masa, ya gaya masa duk abin da likita ta ce.

Auwalu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Baba. Amma 'ya'ya biyar ne da ni."

Ilu ya hana shi tukunyar. Ba a yi mako guda ba Auwalu ya samo wata a kasuwa, ya kafa murhu gida uku daga nan. Ranar da hayaƙin ya fara biyo lungu, ana tsananin zafi, ba wuta. Ilu ya shiga gida ya ce wa Sa'ida ta rufe taga. Ta rufe, ta ɗauki mafici, suka zauna a cikin ɗakin suna gumi.