Na kashe wutar da aka kunna da gangan

Jama'a, yau iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar nan, ta yi minti goma a hannun wani Balarabe.

Na taso daga unguwar Gubaira da wayit, tankar ruwan da nake tuƙawa, zan shayar da itatuwa a bayan gari. Kawai na hango busasshiyar ciyawa na ci a bakin kwari. Ban yi wata-wata ba, na juye mata ruwan tas.

Sai ga mutane da kaya ruwan ɗorawa a guje. Ogansu, Balaraben nan, ya ce, "Wen iƙama?" wato ina iƙama. Ya karɓa, ya fara danna waya. Na ce shi ke nan, sai jirgin Kano!

Wani dattijo a cikinsu, Baba Isuhu ɗan Maraɗi, ya ce min, "Kai yaro, mu muka kunna ta. Muna ƙone gefe ne don gobarar bazara ta rasa abin ci. Kwana uku muna jiran iska ta kwanta, ka zo ka yi mata wanka."

Ya juya ya yi ta ba ogan baki da Larabci, wai kowa ya ga hayaƙi wucewa yake, ni kaɗai na tsaya. Ogan ya yi dariya, ya miƙo min iƙama. Ya ce suna neman direban tanka, za su koya min aikin in kafili, wato ubangidan da ya tsaya min, ya yarda.

Yanzu na tura wa Baba Isuhu saƙo: "Baba, Allah ya saka da alheri. Daga yau kafin in zuba ruwa, sai na tambayi mai wutar."