Ranar da Na Harbi Amyar Ƙanin Mijina

Mu biyar ne a bayan gari ran nan, in ba a sa ƙudan zuma cikin lissafi ba. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, mai sayar da taki da maganin feshi a Gummi, shi ne mai bindigar. Akwai ƙanin mijina, tsohon maharbi, wanda rabona da ganin naman da ya harbo tun ina da haƙoran tauna shi. Akwai malamar asibitinmu, Kirista ce daga ƙasar Zuru, tana haya a ɗakin da ke jikin zaurena. Sai ƙawata Bafillata mai kawo mani nono, wadda ba wanda ya gayyace ta. Ta hange mu ne mun jeru kamar masu zuwa biko, ta biyo mu da ƙwaryarta bisa kai.

Abin da ya fitar da mu shi ne zamana a gidana. Garinmu yana kan hanyar Nasarawa Burkullu, kuma tun da mutanen daji sunka shiga ƙauyen da ke gabas da mu, yaron nan ya kafe sai ya kwashe ni zuwa Gummi. Ya gina mani ɗaki na siminti har da fanka. Na je na gani. Tagar tana kallon bangon wani, kuma babu inda za a kafa turken akuya. Ni kuwa nan mijina yake kwance, nan rumbuna yake, ga bazara ta kusa ƙarewa, irin gero yana jiran ruwan fari. Na ce ba ni zuwa. Autana ya yarda zai dawo daga wajen haƙar zinariya a ƙasar Anka ya riƙa kwana a zaure, amma kowa ya san auta, yau yana nan, gobe an ce an ga dutse mai ƙyalli a wani rami. Sai babban ya bi hanyar hukuma ya samo bindiga da lasisinta, ya kafa mani sharaɗi: in na harba ta sau guda na tsaya bisa ƙafafuna, ya bar ni in yi damina a gidana. In na faɗi, in ɗaure kayana.

Na ce ya kafa mani sharaɗi, amma ba ni ya faɗa wa ba. Baban nasa, wato ƙanin mijina, ya faɗa wa, ina zaune a gefe ina tsinar wake, ni kuma na ba akuyata amsa. Haka muke magana. Ɗan fari ne. Tun ranar da anka yaye shi na miƙa shi ga uwar mijina, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. In ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, bango nake amsa wa. Haka uwata ta yi da yayana, kuma ba wanda ya mutu. 'Yan matan yanzu da ke rungume ɗan fari a tsakar gida suna kiransa da sunan yanka har da lanƙwasa murya, ina ganinsu, ina kuma riƙe da su a raina.

Malamar asibiti ce kaɗai abin ke damu. A hanya ta matso ta ce, “Inna, yau dai kam sai kin dube shi. Wannan ba allura ba ce da za ki kawar da kai a yi miki.”

Na ce, “Ɗiyata, ki riƙe jakarki ta magani, ki bar mani idona.”

Mai nono ta yi dariya har ƙwaryar ta girgiza. Ta ce, “Ku Haɓe kun ari kunya wurinmu, kun hi mu iya ta. Ni nawa ɗan farin, in shanu sunka ɓace, har zagi nai nikai.” Da ta ga abin da yaron ya zaro daga cikin buhu sai dariyar ta tsaya. Su ma an kore musu shanu bara, kuma a kasuwa ana yi musu kallon da ba su ci ba. Na ce mata ta ajiye ƙwarya ta tsaya bayana. Ta tsaya.

Wurin da anka zaɓa wani fili ne mai ƙaton suri, bayansa ba gona ba hanya. Can gefe da nisa akwai ɗorawar ƙanin mijina, wadda ya ɗaura wa amya a reshe. Zumar nan ita ce sarautarsa. Ko jikokinsa ba su san ɗanɗanonta ba, sai dai su ji labari. Yaron ya jingina wata tsohuwar ƙwarya fasasshiya a jikin surin, ya mayar da kowa baya, ya fara bayani.

Bindigar baƙa ce, ba ta kai tsawon taɓarya ba amma ta fi ta nauyi. A ƙarƙashin bakinta akwai wani abu da ake ja baya a tura gaba, ya yi ƙaras-ƙaras, shi ya sa suke ce mata mai famfo. Wannan duk a kunne na ji shi. Lokacin da yake nuna yadda ake tsayuwa da inda ake kafa ta, ni ina kallon wani ƙadangare. Na san launin ƙadangaren nan har yau. Ina jin yaron yana cewa, “Baba, a ce ma Inna ta manna gindin ga kahwaɗa sosai, ta aza kunci bisa, ta ɗan duƙo gaba.”

Baban nasa ya ce, “To, to, bar ni da ita. Ni da matar yaya mun san juna.”

Ya matso kusa da ni ya rage murya. “Kak ki biye ma yaran zamani. Wa ka aza kunci bisa wuta? Ni bindiga ta ci mani gira sau nawa? Ki nisanta ta da jikinki, ki kau da kai, ki rumtse ido, ki ja kunama. In ta tashi, ki yada ta ki ruga.”

Gaskiyarsa ya faɗa, ta bindigarsa. Tasa ta toka ce, ƙirar maƙerin garinmu, wadda ake ɗura wa albarushi da tsumma, kuma ba a san ta inda za ta fito ba sai ta fito. Duk maharban garinmu haka suke harbi, fuska gabas bindiga yamma. Ni ma tun ina yarinya haka na ga ana yi. Maganarsa ta zauna mani daidai, balle ma kawar da kai abu ne da na gwanance a kansa.

Yaron ya sa harsashi guda, ya miƙa wa babansa, babansa ya miƙo mani. Na yi bisimilla. Na miƙe hannuwana kamar mai miƙa wa kuturu sadaka daga nesa. Ina jin yaron yana cewa, “Baba, ba haka ba! Baba, a ce ta dakata!” Na ɗauka da babansa yake, tun da shi ya kira. Na kau da kai, na rumtse ido, na ja.

Na taɓa shan harbin jaki, na taɓa faɗowa daga bakin rumbu. A haɗa su biyu a ƙara tsawa, to an kusa. Gindin bindigar ya taso ya same ni a kafaɗa, bakinta ya yi sama ya karkace, ni kuma na sami kaina zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, ɗankwalina a can. Kunnuwana suna kuka. Ƙwaryar da ke jikin suri tana nan lafiya lau, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

Sai na ji ƙanin mijina ya kurma ihu: “Amyata! Ta kashe ni! Matar yaya ta kashe ni!”

Amyar tana reto da igiya guda, gindinta a buɗe. Wani baƙin abu kamar hayaƙi ya taso daga cikinta, ya tsaya jim kaɗan a sama kamar yana tambayar wa ya aikata, sannan ya nufo mu.

Maharbin da ya ce ya taɓa kallon kura ido da ido shi ya fara gudu, kuma ban san yana da sauran gudu irin wannan ba. Malamar asibiti ta bi shi tana kiran Yesu, jakar magani bisa kai. Mai nono ta fi su dabara, ta kwashi ƙwaryarta ta faɗa cikin sabara ta ja zane ta rufe. Ni na yunƙura, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Na sake yunƙurawa. Ƙudan zuma na farko ya sauka a wuyana, na biyu a fatar ido.

Sai duhu ya rufe ni. Yaron ne. Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe mu da ita mu biyu, ya durƙusa ya danne gefunan da gwiwoyinsa da hannuwansa. Bayansa daga shi sai 'yar shara, kuma ina jin yadda jikinsa ke zabura duk lokacin da anka harbe shi ta cikin yadin. A cikin rigar nan babu bango, babu akuya, babu ƙadangare. Hancinsa yana kusa da nawa. Ko na so kawar da kai, babu inda zan kai shi.

Na dube shi. Ashe yana da furfura a gemu. Ashe akwai tabo a gefen girarsa, ban san ranar da ya same shi ba, ban san wa ya wanke masa ba. Idon ubansa ne sak, har da yadda yake ƙanƙance na hagu in yana jin zafi.

Ya ce, “Inna, kin hwaɗi.” Ya ƙara danne gefen rigar. “Don Allah ki bi ni. Ba ni barci. Duk mashin da ya wuce da dare sai in tashi zaune.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Kai.” Daga ni har shi sai da munka tsorata. Na ce, “Wancan harbin na babanka ne, ba nawa ba. Kai za ka nuna mani, da hannunka. In na hwaɗi, in bi ka yau.”

Wani ƙudan ya samu hanya ya shigo, ya murƙushe shi da goshi a jikin yadin. Sannan ya ce, “To, Inna.” Sai kuma ya fara dariya, irin wadda ba a iya riƙewa, hawaye na zuba. Na ce masa ya rufa mani baki, ba a dariya a gaban manya. Wannan ita ce magana ta biyu da na taɓa yi masa, kuma faɗa ce.

Da ƙudan sunka lafa, ya ɗauki bindigar ya duba ta, munka lallaɓa gida. Malamar asibiti ta zaunar da mu a zaure tana cire mana ƙari tana shafa magani. Leɓen ƙanin mijina ya kumbura ya kai girman gurasa, amma bai hana shi magana ba. Wai shekara da shekaru yana harbi bai taɓa samun abu daga wannan nisa ba, ni kuwa ido rufe na samu, saboda haka koyarwarsa ce ta yi kyau, kuma sai na biya shi amya. Na ce ya kawo mani zumar da ta zube in gani ko ta kai a biya. Mai nono ta ce a shafa masa nono a leɓe, in bai saɓe ba aƙalla ya yi shiru ya lasa.

Bayan la'asar munka koma, amma wani surin, can nesa da kowace itaciya. Ƙanin mijina ya tsaya inda da ƙyar ake hango hularsa. Wannan karon na duba. Na ga yadda yaron ya raba ƙafafunsa, na raba nawa. Ya kafa mani gindin bindigar a kafaɗar da ta riga ta kumbura, na cije. Ya sa yatsa ya duƙar da kaina har kuncina ya taɓa ta. Hannunsa yana warin taki. Ya koma bayana ya tsaya, bai taɓa ni ba, don kada a ce shi ya tare ni.

Na ja. Ta daka ni, na yi baya taku guda, na yi gaba, zanena ya nemi kwancewa na dafe shi da gwiwar hannu. Ban faɗi ba. Ƙwaryar dai ban same ta ba, amma na fasa wa surin kai, gara ta yi ta zubowa. Ya ce in ja abin nan na ƙasa. Na ja, ya yi ƙaras, kwanson ya yi tsalle ya faɗa gefe yana hayaƙi. Mai nono ta rangaɗa guɗa. Na ce ta bari, ba biki ake ba.

Ni ba yarinya ba ce. Na san bindiga guda a hannun tsohuwa ba ta tare mutanen da ke zuwa bisa mashin bibbiyu. Shi ma ya sani. Amma ya yi alkawari gaban mutane, kuma ya ga abin da ya ce yana son gani. Ya kulle bindigar a akwatin ƙarfe a ɗakina, ya ce autana zai iso kafin kasuwa ta ci, sannan shi kansa ya kwana a zaure rub da ciki saboda bayansa.

Da asuba hannuna na dama ya ƙi ɗaguwa, ido guda a rufe. Ban gaya wa kowa ba. Na dama fura da hagu, na sa mata nonon jiya, na aika malamar asibiti ta kai masa. Da ya shigo sallama ya durƙusa, na amsa wa bango kamar kullum. Na dai gaya wa akuya cewa mai tafiya Gummi ya riƙa shafa man shanu a bayansa, kuma in ya sake zuwa ina son jin inda ya samo tabon gira. Akuyar ba ta ce komai ba. Shi ya ce to.

Da ƙarar mashin ɗinsa ta ɓace, na jingina tsani a jikin rumbu, na hau da hannu guda, na sauko da damin irin gero, na baza shi a tabarma na fara ware na shuka.