Kumfar Sabulun da Ta Dawo da Ni Makaranta

Shekarun baya, ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare a ƙauyenmu da ke gefen Minjibir, aka yi wata damina da har yau in an tuna ta a gidanmu sai kowa ya ce Allah kada ya maimaita. Tsadar nan ce ta faɗo mana ba sallama. Taki ya gagara, rumbunmu ya ƙare tun gero bai kai gwiwa ba. Kunun da mahaifiyata ke damawa ya tsinke har ina duba fuskata a ciki in gyara zaman hula. Ɓerayen gidanmu ma sun yi ƙaura, kuma na tabbata da Allah-ya-isa suka fita.

A ajinmu kuwa benci sai ƙara faɗi yake yi. Yau a ce wane ya tafi birni tura ruwa, gobe wane ya bi kawunsa dako a kasuwa. Kowa cewa yake hutu kawai zai yi ya dawo, amma wanda ya ɗanɗani shinkafa da wake ta Kano da wuya a sake ganin ƙeyarsa. Ni ma an gama magana a gida, ana ba da dogon hutu zan bi yayana Kano inda yake wankin mota.

Ranar da za a sallame mu, malaminmu na kimiyya ya shigo da gwangwanin ruwa, da wani guntun sabulu da ya sha wahalar duniya, da bututun biro. Dama ya koya mana cewa abubuwa gida uku ne: daskararre kamar dutse, ruwa-ruwa kamar man gyaɗa, da iska irin ta cikin taya. Ya kaɗa ruwan, ya tsoma bututun, ya hura. Sai ga kumfa ɗaya ƙatuwa tana yawo a kanmu tana walƙiya.

"To masana," in ji shi, "wannan a wane gida za mu sauke ta?"

Na yi wuf na miƙe. "Iska ce, Malam! Ba ka ga tana tashi ba?"

Abokina, wanda muke benci ɗaya kuma ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, ya ce, "Kaza ma tana tashi in an kore ta. Ruwa ce, Malam, ga shi ta fashe ta jiƙa min hanci."

Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, kai ka ce ruwa da iska ba su da siffar kansu, sai ta mazubi. Wannan ga ta a mulmule kamar lemo. Daskararriya ce."

Nan aji ya dare uku kamar lokacin siyasa. Ga 'yan ruwa, ga 'yan daskare, ga mu da Malam ya hana a kira mu da sunan da kuke tunani. Muka yi ta ihu, "Malam ka raba gardama!" Shi kuwa ya tattara gwangwaninsa a natse, ya ce, "Sai ranar da aka dawo hutu. Wanda ya zo ya ji da kunnensa, ba na ba da saƙo."

Kafin mu fita ni da abokina muka ƙulla: wanda ya faɗi zai goya wanda ya ci daga bakin aji har rijiyar gari, a gaban 'yan mata masu ɗiban ruwa.

Jama'a, ku dubi ikon Allah. Duk sana'o'in da ke Kano, ni sai aka kai ni inda ake kwana a tashi cikin kumfa. Kumfa a bokiti, kumfa a gilashi, kumfa har cikin kunnena. In kama soso in fara wanki, sai in ga wata ta taso ta wuce ta gabana tana rangwaɗa kamar tana min gwalo. In tsaya ina kallonta har sai maigidan wurin ya daka min tsawa.

Na tambayi yayana, ya ce shi dai ya san tana shiga ido ta yi zafi. Na tambayi wani Alhaji mai ƙatuwar mota, don na ga tabarau a fuskarsa. Ya kalle ni ta saman tabarau ɗin ya ce, "Kai yaro, ga taɓo can a taya."

Amma fa na ci abinci. Na ci har kumatuna suka dawo daga inda suka tafi. Maigidan kuma ya yaba da hannuna. Da hutu ya zo ƙarewa ya kira ni ya ce, "Ka zauna, zan koya maka riƙe injin feshi." Yayana ya ce, "Ka gode wa Allah. Makarantar da ko alli sai malami ya sayo, me za ka koma yi?" Aka kira gida, mahaifiyata ta ce gero ya nuna har an fara cin tumu, kuma Baba ya bar min zaɓi.

Na ce wa maigidan zan je in ji amsa ɗaya in dawo. Da ya ji ko wace amsa ce, ya yi dariya har ya zauna a kan bokiti. "A kan kumfa? To je ka. Amma in jibi ta yi ban gan ka ba, yara na nan a layi."

Ranar komawa na shiga aji ina taku kamar ɗan majalisa, na riga na zaɓi inda zan riƙe a wuyan abokina. Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe kafin ya shigo. Sannan ya hura kumfa ta je ta fashe a jikin allo.

"Me ya rage?"

Muka ce danshi.

"Abin da ya kumbura ta fa?"

Muka ce ya gudu.

Ya ce to kumfa ba 'yar gida ɗaya ba ce. Fatarta ruwa ce siririya, sabulu ne ya sa ruwan ke miƙewa bai tsinke da wuri ba. Cikinta kuma iska ce, ita ke tura fatar ta kowane gefe har ta mulmule. Ba a raba su, in ɗaya ya tafi babu kumfa. Ya yaba wa yarinyar nan ya ce ita ce ta fi kowa lura, duk da ta faɗi. Ni da abokina kuwa aka yanke mana hukunci: ya goya ni rabin hanya, in goya shi rabi. Wurin hawan tudu ne ya faɗo a kaina.

Amma kafin a tashi, ina shirin yi wa Malam sallamar komawa birni, sai ya ƙyasta ashana ya ɗaga. "Wannan harshen wutar fa, wane gida? Amsa sai ƙarshen zango."

Abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai tafi wankinka. Wannan ta fi ƙarfin kanka."

Shi ke nan. Jibi ta zo ta wuce ina benci ina kumfar baki. Da na gaya wa mahaifiyata na fasa tafiya, ta ce, "Wato ba karatun kake so ba, gardamar ce." Baba ya ce ko ma mene ne, in an tashi in same shi a gona. Yayana ya yi fushi, amma daga baya shi ya aiko min da takalmin makaranta.

Ba kowa ya dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba, yunwa ba ta jin lallashi. Ni ma ba wayo na fi su ba, taurin kai ne ya yi min rana. Yanzu ina ajin ƙarshe na babbar sakandare, kuma duk sanda na tuna saura ƙiris da yau ina can riƙe da injin feshi, sai in yi wa Malam addu'a. Allah ya saka masa da alheri, ya jiƙan mahaifansa.

Kwanaki na haɗu da shi a kasuwa yana tura kekensa, na ce, "Malam, don Allah da gangan ka ja mana rai?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ba ni da hatsin da zan ba ku, ba ni da bakin hana iyayenku. Tambaya kaɗai gare ni. Ita na ɗaura muku a ƙafa, na yi muku talala."