Taswirar Birnin Tsaba a hannun jikana

Ni aji huɗu na yi a firamare, kuma har yau ina ganin ajin ne ya gaji da ni, ba ni na gaji da shi ba. To da aka ce jikana ya ƙi makaranta, sai na ce gado ne.

Amma nasa daban. Likita ya ce otizim gare shi. Ba ya duban fuskar mutum, hayaniya na sa shi toshe kunne, magana kuwa sai ya ga dama. Tun da rashin tsaro ya taso mu daga Birnin Tsaba zuwa Ƙaura, aka sa shi ajin yara irinsa, shi ko ya kafe a bakin ƙofa. Ubansa ya ce in wata ya ƙare bai shiga ba, a bar shi gida.

Ni ke rakiya. Wata safiya malamar ta fito da kwamfutar hannu, ta nuna masa garinmu daga sama, rufin kwano awa ƙwayar gero. Ta ce duk wurin da ya taɓa, zai iya rubuta masa suna, amma a cikin aji ake yi. Ya bi kwamfutar har cikin aji, ko waige bai yi ba.

Da aka tashi ya ja mini riga. "Kaka, mi sunan wanga wuri?"

Na duba hoton da malama ta buɗe. Gefen fadama ne. Na gyara murya irin ta manyan masana. "Nan Inda Jaki Ya Nutse."

Malama ta yi dariya. "Baba, wannan ai ba suna ba ne."

"Malama, kowa a garin ya san wurin. Har jakin."

Washegari ya rubuta shi, harafi harafi. Mu ba mu da sunan titi. Muna da tsamiyar da aradu ta tsage, da gamban da ya raba gonata da ta maƙwabci. Tauraron ɗan'adam bai san su ba.

Na gane dabara: suna ɗaya nake ba shi kowace safiya, ko ya yi fushi. Wata ya ƙare, ubansa bai sake tada maganar ba.

Damuwata yanzu, sunayen sun fara ƙare mini. Shi ya sa bayan la'asar nake bin tsofaffin garinmu a ƙofar masallaci, ina roƙon su tuna.