Verna da Waƙar Rafin Ardith

Tun tana budurwa Verna Tackett take waƙa a gidan rawa na Sizemore, a gindin dutsen da motocin kwal ke juyawa, can gabashin jihar Kentucky ta Amurka. Waƙoƙi cike da bakinta, amma guda ɗaya mutane ke zuwa ji: waƙar Ardith, yarinyar da saurayinta Lonzo Gayheart ya ja ta bakin rafi bayan an tashi daga rawa, ya danna kanta cikin ruwa. Ardith kuwa yayar mahaifiyar Verna ce, ciki ɗaya. Har ta mutu, uwar ba ta taɓa taka gidan rawar ba. Verna dai ƙurar kwal ta cinye huhun mijinta, ga 'ya'ya, sai ta rungumi banjo, molonsu na can, ta ci gaba.

Da aka rufe ramukan kwal gari ya bushe, mai gidan, Doyle Sizemore, ya lura fatalwa ta fi giya kawo jama'a. Ya baza labari wai Ardith na yawo bayan dandamali da jiƙaƙƙiyar riga. Baƙi suka riƙa zuwa daga birni da na'urorin neman fatalwa, suna kara kunne a bango.

"Mama Verna, don Allah kin taɓa ganinta?" in ji su.

"'Yan nan, ɓeraye kawai nake gani, su ma duk sun rame."

Su kwashe da dariya, Doyle ya harare ta. Ita kuwa ta gaji. Gwiwoyi sun ƙi, murya ta fara dushewa, kuma kowace Asabar sai ta sake nutsar da innarta a gaban masu tafi.

Wata rana da azahar tana zaune ita kaɗai a zauren tana ɗaura wa banjonta tsirkiya, sai ga wani dattijo ya shigo da sanda, ya tuɓe hula.

"Sai yamma ake buɗewa, bawan Allah," in ji Verna.

"Na sani, shi ya sa na zo yanzu. Sunana Hollis. Lonzo Gayheart ne ya haife ni, bayan ya fito daga kurkuku."

Hannunta ya tsaya cak. Ya samu kujera ya zauna da ƙyar. Ya ce tun yana makaranta yara ke bin sa da waƙar nan suna jifa, har ya gudu jihar Ohio ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'anta. Bai taɓa tsayawa ya ji ta har ƙarshe ba. Yanzu likita ya ce masa ya koma gida ya huta, shi kuma ya gane abin da ake nufi.

"Ki yi mini ita, baiwar Allah. Ba tafi zan yi ba."

Ta so ta ce a'a. Amma ta dubi yadda ya jingina da sandar yana jira, sai ta gyara zama ta fara, a hankali, ba irin ta Asabar ba. Ya sunkuyar da kai har ta kai inda Lonzo ya haye baƙin ingarma ya tsere.

"Ingarma?" Hollis ya ɗago. "Tsohon nan ko jaki bai taɓa mallaka ba. A ƙafa aka kama shi, takalmi ɗaya a hannu."

Dariya ta kuɓuce wa Verna, shi ma ya taya ta har tari ya sarƙe shi. 

"Ya taɓa ambatonta?" ta tambaya.

"Ko sau ɗaya. Amma har ya mutu bai yarda mun je kamun kifi ba."

Ta ƙarasa waƙar. Ya yi godiya, ya sa hularsa ya fita.

Da lokacin sanyi ya shigo, sai ta gaya wa Doyle ta ajiye waƙa. Ya yi ta magiya, daga baya ya samo wata mai zaƙin murya daga jihar Tennessee, baƙi ba su ma lura an sauya ba.

Hollis ya rasu da bazara. Verna ta je jana'izar, ta tarar masu rakiya ba su cika benci biyu ba. 'Yarsa ta matso kusa da ita.

"Mama, ba mu da mai waƙa. Ko za ki taimaka?"

Verna ta miƙe, ta dafa bencin gabanta, ta yi musu waƙar coci, wadda uwarta ke yi in tana kwaɓa burodin masara.