Kumburin da Ya Fito a Hannun 'Yata

'Yata tana da shekara shida ta biyo ni Greensboro, a Amurka. A Kaduna na haife ta, a hannun mahaifiyata ta tashi har takardunta suka fito. Kafin a karɓe ta a makaranta, sai da na kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da tashar bas ta tsakiyar gari don a cike mata fom ɗin lafiya.

Nas ɗin mai fara'a ce. Ta buɗe wani shafin intanet da suke bi, wanda yake jero tambayoyi, a ƙarshe ya faɗi gwajin da ya dace da yaro. Tana tari? A'a. Ta rame? A'a. Ina aka haife ta? Ina cewa Najeriya, shafin ya ce a gwada ta ko tana da tarin fuka.

Na ɗage hannun rigarta na nuna tabon allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a gida. Da gurguwar Turancina na ce na ji ana cewa mai wannan tabon fatarsa kan kumbura ko da lafiyarsa ƙalau. Ta yi murmushi, ta ce abin da shafin ya ce shi take bi. Ta tsira mata allura a ƙarƙashin fata. Kwana uku muka koma, wurin ya tashi kamar harbin zuma. Sai aka ce hoton ƙirji, a ɗebi jini, a jira sakamako.

Lokacin ban fara tuƙi ba. Wata Hajiya da ke zaune a Pleasant Garden, wadda na ɗauka tamkar uwa, ita ta kai mu ta dawo da mu. A mota na zayyane mata komai ina hawaye. Ta ce, "Haba 'yar nan, ki bar wa Allah." Ina kallo ta sauke gilashin motar, alhali sanyi ake yi.

Ranar Asabar Malamin Islamiyya ya tare mu a bakin ƙofa. "Maman yara, ki bar ta ta ɗan huta a gida tukuna. Iyaye suna magana."

"Wa ya gaya musu, Malam?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Washegari aka yi suna a Summerfield, na ce sai mun je. Aka zuba wa yara shinkafa a faranti ɗaya, ita aka miƙo mata nata a kwanon roba, aka nuna mata kujera can gefen baranda. Ta ci loma biyu ta zo ta raɗa mini da Turanci, wai me ya sa kowa yake janye ɗansa in ta matso. Na ɗauki jakata muka fita.

Sakamako ya fito, babu komai a jininta, ƙirjinta fes. Na ɗauki hoton takardar na tura zauren matanmu na waya. Mutum biyu suka ce Alhamdulillahi, sauran shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Daga baya na nemo shafin da kaina. Ashe tambayar rigakafin tana nan a ƙasa, kuma da an amsa ta, gwajin jini zai ce a fara yi. Nas ɗin ce ba ta gangara ta gani ba. Ita ban riƙe ta a rai sosai ba, ba ta san mu ba.

Hajiya kuwa mun haɗu a sallar Idi. Ta rungume ni ta ce, "Kin san sha'anin yara, gudun tsautsayi ne kawai." Ta miƙa hannu za ta shafa kan yarinyar, yarinyar ta zame ta koma bayana. Ban ce mata ta gaishe ta ba. A watan na fara koyon mota.