Ƙafar Gidanmu a Asibitin Kaduna

Ana sallame sallar asuba muka fito, ni da surukata, matar ɗana, da 'yarsu jikata 'yar shekara huɗu. Ƙafafun yarinyar sun lanƙwashe kamar baka, tana tafiya tana rangaji. A gida an gama yanke hukunci, wai uwar ce ta tsayar da ita tun ƙashi bai yi ƙwari ba, kuma ranar Juma'a maɗori zai zo ya ɗaure ƙafafun da kara. Na roƙi mazan gidan su bari likita ya fara gani.

Daga ƙauyenmu babur ya fito da mu Rigachikun. Nan muka shiga wata bas da ke nishi kamar tsohuwar da ta fi ni shekaru. An cusa buhunan masara har ƙarƙashin kujera, kwandasta kuwa ya dage sai an biya wa yarinya kuɗin mutum guda, alhali a cinyata take. A Kawo muka sauka, muka karya da ƙosai, wanda ya ƙanƙance ya koma kamar goro, kuɗinsa kuma ya girma. Keke Napep ya kai mu asibiti.

Layi ya yi tsawo, sai hantsi muka shiga. Likitar mace ce. Ta auna tsawon yarinya, ta duba haƙoranta masu yawan ƙurji, ta tura mu ɗibar jini da fitsari da hoton ƙashi. Sakamako sai washegari, don haka muka kwana a Badarawa gidan ɗiyar ƙanena, inda gidaje ke manne da juna, maƙwabci na tari kana amsa masa sannu.

Da muka koma, likita ta ce akwai wani sinadari a jini, fosfet, da shi ƙashi ke ƙwari. Wasu yunwa mai tsanani ke rage musu shi, wasu giya, wasu yawan shan maganin gyambon ciki. Na yarinyar nan kuwa ƙodarta ce ke zubar da shi cikin fitsari, kamar randa mai yoyo, kuma gadonsa ake yi.

Sai ta dube ni. "Mama, ɗan taka zuwa bakin ƙofa in gani."

Na taka. Ta tambayi haƙorana, na ce sun riga ni tafiya tun ina da ƙuruciya. Ta tambaye ni game da uban yarinyar, wato ɗana, na ce gajere ne kamar ni, babbar riga ke rufa masa asiri.

"To daga gare ki ya ɗauka. Namiji mai shi, duk 'ya macen da ya haifa sai ta samu. Ɗaurin kara ba zai gyara ba, sai dai ya ji mata ciwo."

Surukata ta kai bakin mayafinta ido.

An ba mu fosfet na sha sau da yawa a yini, da wani irin bitamin D. Likita ta ce kada a haɗa fosfet ɗin da nono ko madara, kada a ƙara awo, kuma a riƙa dawowa gwajin jini don kare ƙoda. Ta ce in an dage tun yanzu ƙafa kan miƙe sosai. Ni ban san agogo ba, sai muka daidaita shan da lokutan salla.

Da la'asar muka iso gida, mata sun cika tsakar gida suna jiran labari. Ban zauna ba. Na sa aka kira ɗana, na ɗage zanena zuwa gwiwa, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba.

Na ce, "Ku duba da kyau. Wa ya tsayar da ni da wuri?"

Ɗana ya sunkuyar da kai, ya ce shi da kansa zai je ya ba maɗori haƙuri.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, mun yi ta neman mai laifi a cutar da babu laifin kowa a cikinta. Da magariba surukata ta miƙo min kwalbar maganin, ta ce, "Inna, ke za ki fara ba ta."